Gurasar da Aka Binne a Rairayi

Tun da na komo daga ƙetare, duk wanda ya zauna bisa bencin da ke gaban keken ɗinkina sai ya ce, "Sahabi, ya Nijar? Ya Inna?" Nakan ce lafiya lau, in ci gaba da taka keke. Wasu sun ji ƙishin-ƙishin wai mun ci abincin da aka tono daga ƙasa, suna so su san ko gaskiya ne. Gaskiya ne. Sai dai in na fara labarin da baki, akwai inda muryata ba ta iya wucewa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ban yi boko mai zurfi ba, a yi mini haƙuri.

Sai na fara da dalilin tafiyar. Yayana Lawali shi ne ɗan farin Innarmu. Ranar kasuwar Sabon Birni ya hau babur ɗinsa ya je ya sayo mata rabin buhun fulawa, don sana'arta tuyar fanke ce a ƙauyenmu da ke bayan Gatawa. A hanyar komowa 'yan bindiga suka tare shi. Suka tafi da babur, suka bar shi, suka bar buhun. Washegari muka same shi, ni da liman da mutum kaɗan. Dajin ba shi da aminci, ba a iya kawo shi gida ba, nan muka yi masa sutura. Ni na ɗauko buhun a ka.

Kun san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ce Lawali ba, sai dai "yayanku" ko "mai babur". Da na aje buhun a gabanta ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye ni komi ba. Ta ce, "Allah shi jiƙan Musulmi." Ta ja buhun zuwa ɗakinta ta maishe shi matashin kai. Daga ranar ta bar cin abinci. Ruwa take sha, wani lokaci ta kurɓi kunu don a ƙyale ta. In an matsa mata ta ce, "Na ƙoshi." Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, domin a cikin kwanakin nan ne garin ya fara watsewa.

Ina gani tana ƙarewa. Matata ta ce, "Ka kai ta wurin Inna Kulu, ko a hannun 'yar'uwarta ta karɓa." Kulu ƙanwar Inna ce, tana aure a wani ƙauye cikin Nijar, wajen Gidan Runji. Na yarda, don na san in Inna ba ta ci ba, za ni rufe mutum biyu a kaka ɗaya.

Da ƙafa muka fita gari tare da jama'a, sai da muka yi nisa muka samu wata motar kaya ta kwashe mu. Abin da na gani a hanya har yau bai bar idona ba. Gero ya nuna, ya sunkuya, ba mai yanka, sai tsuntsaye. Muka ratsa wani ƙauye inda nake kai ɗinki, ƙofofi a buɗe, turmi a tsakar gida da taɓarya a ciki, kaji suna yawo a masallaci. Ban ga mutum ko ɗaya ba. A cikin motar wata mata da ta ga Inna ta rungume buhu ta ce, "Inna, biki za ki da fulawa haka?" Na yi wa matar alama da ido, ta kama bakinta.

A Sabon Birni na bar matata da yara a gidan danginta, inda mutane suka cika har zaure. Ni da Inna muka samu wuri a wata makarantar firamare da aka buɗe wa 'yan gudun hijira. Mata a cikin aji, maza a gindin dogon yaro. Nan na ga wani dattijo da na sani da garken shanu, yana layin famfo da gwangwanin madara a hannu. Ya gan ni, na gan shi, kowa ya kau da kai. Da yamma wasu bayin Allah suka kawo shinkafa da wake. Na kai wa Inna nata, ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta miƙa wa mai jegon da ke kusa da ita.

Da safe na nemi ɗan kabu-kabu da ya san hanyar daji. Aka haɗa ni da Ɗan Jumma, mutumin Kurawa, gajere, bakinsa kamar rediyo. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya dubi buhu.

"Malam, wanga babur ne, ba raƙumi ba. Ku bar buhun."

Na ce, "Buhun ba shi baruwa."

"To kai ka tsaya, in tahi da Inna da buhunta. Ta hi ka sauƙi."

A ƙarshe ya ɗaure buhun bisa tanki, Inna a tsakiya, ni a baya ina riƙe da ita. Sai da na sa hannu na ji haƙarƙarinta ta cikin zane na san yadda ta rame. Ɗan Jumma bai bi babbar hanya ba. Ya riƙa kurɗawa ta gonaki da burtali, yana ba mu labarin kowace bishiya da abin da ya faru a gindinta, labaran da ba na son ji. In mun jiyo ƙarar wani babur daga nesa sai ya kashe nasa, mu yi tsit a bayan sabara har ƙarar ta ɓace. Nan kaɗai bakinsa yake hutawa.

Rabona da ƙetare tun ina yaro. Iyakar dai ba ta canza ba, igiya ce da aka ɗaura wa tsummoki, da ganga biyu, da rumfar zana. Abin da ya ƙaru shi ne bindigogi. Wani jandarma dogo, ɗan sandan can, ya fito ya ce mu kawo katin shaida. Na miƙa nawa, Ɗan Jumma ya miƙa nasa. Inna ba ta da komi. Jandarman ya sunkuya ya dubi fuskarta, ya ga zanen Gobirawa tun daga bakinta har kunne, sai ya bushe da dariya. Ashe Bazabarme ne, abokin wasanmu.

"A'a! Baiwata ce ta gudo? Ina kika tsaya tun tuni? Ga katinki nan a kumatu, ba sai an duba ba. Sauka ki share mini rumfa."

Wanda ya san Inna ya san ba a kai mata irin wannan wasa a kwashe lafiya. Na taɓa ganin ta kori wani Bazabarme mai sayar da yadi daga bakin kaskonta da baki kaɗai, kasuwa tana dariya. Ran nan ba ta ce uffan ba. Jandarman ya bar dariya. Ya ɗauko wani ƙarfe mai tsini zai soka a buhu ya ga abin da ke ciki, sai Inna ta ɗora tafin hannunta a daidai wurin. Na matsa kusa na gaya masa a taƙaice. Ya sauke ƙarfen. Ya ce, "Allah shi jiƙan shi, Inna. Ki yafe ni." Ya shiga rumfa ya fito da ruwa mai sanyi da guntun burodinsu. Ku da ba ku gani ba, burodin can dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri, ba laushi da zaƙi irin namu. Inna ta sha ruwan, ta ƙi burodin. Ɗan Jumma ya ce wannan ai sandar kiwo ce, ba abinci ba, amma kafin mu ɓace wa rumfar ya cinye shi yana tuƙi.

Bayan azahar muka shiga rairayi mai zurfi. Babur ya yi ta gurnani, sai muka ji ƙas, sarƙa ta tsinke. Muka zube gefe gaba ɗaya. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Ɗan Jumma ya tsuguna yana ta lalube cikin yashi, ya tashi ya ce, "Wagga sai mai gyara." Ba gari a gaba, ba gari a baya. Ruwanmu ya kusa ƙarewa. Na kai Inna gindin wata aduwa na jingina ta da buhunta. Leɓenta ya tsage. Ina mata magana, idonta yana rufewa. Na ce a raina, ashe nan na kawo ta.

Muna haka sai ga raƙumi ya ɓullo daga bayan tudu, mutum a kansa, fuska a rufe sai ido, takobi a rataye. Ban san lokacin da Ɗan Jumma ya bar wurin ba, sai ƙafafunsa na hango a ƙarƙashin geza. Na tsaya a gaban Inna ina salati. Mutumin ya durƙusar da raƙumi, ya sauko a hankali.

"Salamu alaikum. Babur ya gaji?"

Buzu ne, sunansa Agali. Ya ce ya yi shekaru yana gadi a Sakkwato, can ya koyi Hausa, yanzu ya komo ga dabbobinsa. Ya leƙa geza ya ce, "Kai mai takalmi, fito, akwai kunama nan." Ɗan Jumma ya fito yana kakkaɓe riga, wai fitsari ya je yi. Agali ya dubi Inna sau ɗaya, ya tafi ya komo da jaki, muka ɗora ta da buhunta, muka bar babur a nan.

Zangonsu yana bakin wata busasshiyar ƙorama, bukkar tabarmi ɗaya da awaki. Abubuwa da dama sun ba ni mamaki. Namiji ne ke rufe fuska, matarsa Gaisha kuwa fuska a buɗe, ta zo ta gaishe mu kai tsaye. Bukkar ma tata ce, in ji Agali, in ta yi fushi shi ke kwana waje. Tana zaune take aikensa, ya tashi ya je. Ɗan Jumma ya raɗa mini, "In matata ta ji wanga labari na shiga uku." Gaisha ta shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwa, ta kawo nonon akuya a akushi. Muka sha. Inna ta ce ta ƙoshi. Gaisha ba ta jin Hausa sosai, amma ta gane, ta zauna kusa da ita.

Agali ya ba mu haƙuri. Ya ce hatsinsu ya ƙare, sun daɗe ba su shiga kasuwa ba saboda hanya, nono kaɗai suke sha. Sai ya nuna buhu.

"Mene ne a nan?"

Na ce, "Fulawa."

Ya dube ni, ya dubi Ɗan Jumma. "Kuna zaune kan abinci kuna jin yunwa?"

Ɗan Jumma ya ce, "Wane abinci? Fulawa tana tuwo? Ba mai, ba kasko, ba yis, ba tanda. Sai dai mu afa ta kamar garin magani."

"Ruwa da gishiri da wuta. Ba a son komi bayan su."

Na ja shi gefe na gaya masa labarin buhun. Da na zo faɗin sunan yayana sai ya ɗaga hannu. "Kada ka faɗa. Mu ba mu kiran sunan wanda ya tafi." Na ce, "Ita ma ba ta kira, tun yana da rai." Daga nan ya tambaye ni da murya wadda na san Inna za ta ji.

"An yi masa sadaka?"

Na ce ba a yi ba. Gari ya watse, ba tukunya, ba mutanen da za a ba.

Ya ce, "Ga mutane. Mu matafiya ne duka, kuma muna jin yunwa. Ga itace."

Can sai na ji motsi. Inna ta ɗaga kanta daga buhun, ta sa hannu tana kwance bakinsa. Yatsunta sun kasa, Gaisha ta taya ta.

Za ni faɗi yadda ya yi, don shi ne abin da kuka fi tambaya. Ya sauka tsakiyar ƙorama inda rairayi yake fari tas, ba kashin dabba, ya share wuri, ya haɗa wuta da busasshen itacen bagaruwa. Ya ce ita ce mai garwashi mai daɗewa, kuma hayaƙinta kaɗan ne, ba a hango shi daga nesa. Kafin itace ya cinye, ya wanke hannu har gwiwa, ya zuba gari a akushi, ya barbaɗa gishiri, yana zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana murzawa. Namiji da rawani da takobi yana kwaɓa ƙullu, matarsa tana zaune tana kallo! Ya daɗe yana murza shi, yana naɗewa yana dannawa da dunƙule, har ƙullun ya bar kama hannu. Ya rufe shi da gefen mayafi ya bar shi ya huta. Sannan ya fakaɗa shi ya yi faɗi kamar faifai, kaurinsa kamar tafin hannu. Ya ce su tagilla suke ce mata. Ni dai na ce gurasa.

Ina jira in ga ya ɗauko wani ƙarfe ko kasko. Sai na ga ya sa sanda ya ture garwashin gefe, ya tona rami marar zurfi a cikin rairayin da wuta ta gasa, ya ɗauki ƙullun da hannu biyu ya kwantar da shi a ciki. A ƙasa, ba ganye, ba komi.

Ɗan Jumma ya miƙe tsaye. "La'ilaha illallahu! Bizne shi za ka yi? Abincin? Sahabi, kana gani zai ɓata garin mutane!"

Ni ma abin ya dame ni, amma ba don garin ba. Yadda ya kwantar da shi a hankali, yadda ya gyara gefensa, na taɓa ganin wannan, kuma ba da daɗewa ba. Na kau da kai. Agali ya ɗauki reshe mai wuta ya bi saman ƙullun da shi don ya bushe kada yashi ya kama, sannan ya fara turo rairayi mai zafi yana rufewa.

Ban ji zuwan Inna ba. Sai na gan ta a bakin ramin, Gaisha tana riƙe da ita. Ta durƙusa. Ta daɗe tana kallo. Ba ta dube ni ba ta ce:

"Haka kunka yi mishi?"

Agali ya tsayar da sanda. Tun ranar da na kawo buhun nake tsoron wannan tambaya, kuma nake jiran ta.

Na ce, "Haka, Inna."

"An yi mishi wanka?"

"An yi. Mun tafi da ruwa bisa jaki. Liman ya yi da hannunsa, ni na zuba."

"Likkafani fa?"

"Farin alawayyo na ɗauka a shago. Sabo ne. Ban samu na ɗinka ba, da reza muka yanka."

"An sallace shi?"

"An sallace shi. Mutum biyu suna bisa itace suna duba hanya, mu muna sahu."

"Ya dubi gabas?"

"Ya duba. Ni na shiga ramin, ni na gyara shi bisa hannun dama."

"Da zurhi?"

"Ya kai mini ƙugu. A gindin kalgo ne, akwai inuwa. Mun jera itace, mun rufe, mun sa ƙaya a sama saboda namun daji."

Ta gyaɗa kai. Mata ba su zuwa maƙabarta, kun sani, ko da an kawo shi gida ba za ta ga wannan ba. Saura wuri kaɗan a tsakiya da farin ƙullun yake leƙowa. Inna ta sa hannu ta ɗebi rairayin nan mai zafi. Na ce, "Inna, zai ƙone ki." Ba ta saurare ni ba. Ta zuba, ta ƙara, ta ƙara, har farin ya ɓace, ta shafa saman da tafin hannu ta daidaita. Leɓenta yana motsi, ban ji abin da take faɗi ba, kuma ban matsa don in ji ba. Hawaye suka bi zanen fuskarta. Ba ta share ba. Gaisha ta juya baya, Ɗan Jumma ya tafi duba babur ɗin da ba ya nan. Agali ya jira har ta janye hannu, sannan ya maido garwashi bisa wurin.

Muka yi la'asar. Agali ya ɗora ɗan butar shayi a gefen wuta, irin shayin nan nasu mai ɗaci da kumfa, ya ce shi ne agogonsu: in an sha kofin farko a juya gurasar, in an sha na ƙarshe a tone. Haka aka yi. Ya buɗe, ya juya ta, ya sake rufewa. Inna ba ta koma tabarma ba, tana nan zaune a bakin wurin. Da rana ta yi ja ya ture garwashi, ya ƙwanƙwasa da sanda. Muka ji ta yi amo kamar ƙwarya. Ya ce ta nuna.

Abin da ya fito baƙi-baƙi ne da toka, da tauri kamar murfin tukunya. Ɗan Jumma ya ce, "Na rantse ba ni cin wanga, ko karen gidanmu sai an roƙe shi." Agali ya buga ta da tafin hannu, ya kankare da wuƙa, ya ɗauraye da ruwa kaɗan, ya karya. Tururi ya tashi. Cikinta fari, da laushi, ƙamshi ya cika ƙoramar. Ban san fulawa tana da wannan ƙamshi ita kaɗai ba, ni da na girma a bakin kaskon fanke. Ya gutsuttsura a akushi, Gaisha ta zuba man shanu da nono. Ya tura akushin gaban Inna, ya ce, "Mai sadaka ke rabawa."

Muka ɗaga hannu muka yi fatiha. Ni kaɗai na ambaci sunansa, a hankali. Inna ta raba, ta ba Agali, ta ba Gaisha, ta ba Ɗan Jumma, ta ba ni. Wanda ya rantse ba ya ci shi ya fara gamawa. Agali yana kai loma ta ƙarƙashin rawani, ba a ganin bakinsa. Ni kuwa ina satar kallon akushin. Saura guntu ɗaya, na gefe, wanda ya ɗan ƙone.

Inna ta ɗauke shi. Ta juya shi, ta hure tokar da ta rage, ta tsoma a nono. Kowa ya samu abin kallo a wani wuri. Na dubi awaki kamar ban taɓa ganin akuya ba. Ina jin tana taunawa a hankali. Ta haɗiye. Ta sake tsomawa. Ko Ɗan Jumma bai yi tari ba.

Can ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan."

Agali ya ce, "Gaskiya ne, Inna."

"Kuma ba ka murza shi ya isa ba. Miƙo akushin."

Ɗan Jumma ya fashe da dariya, dariyar ta juye masa, ya rufe fuska da hula. Gurasa ta biyu Inna ce ta kwaɓa, tana hutawa tana ci gaba. Ta fi ta farko, Agali da kansa ya faɗa.

A nan muka kwana, mata a bukka, mu a rairayi. Da safe Inna ta juye wa Gaisha rabin abin da ya rage a buhu. Suka riƙe hannun juna, kowace tana magana da harshenta. Agali ya ɗaura babur a bayan raƙumi da igiya, Ɗan Jumma a kai yana riƙe da kan babur yana ihu a rage gudu, har wani gari mai mai gyara. Ni da Inna muka bi da jaki. Daga can ƙauyen su Kulu ba nisa.

Kulu tana ganinmu ta aza hannu a ka tana kiran sunan Lawali da ƙarfi, don ita ba ta da kunyarsa, ita ta yi goyonsa. Inna ta zauna ta bar ta ta yi kukan su biyu. Sauran fulawar a gidan aka soya fanke aka raba wa unguwa. Na ɗan kwana biyu har na ga Inna tana cin tuwo ba a roƙe ta ba, sannan na yi shirin komowa.

Masu tambaya ko da daɗi, ban san yadda za ni amsa ba. Akwai ɗan yashi da ke shiga haƙori. Ban sake ci ba, ban kuma gwada yi ba, ko da yake na riƙe yadda ake yi.

Ranar da za ni taho na same ta a tsakar gida da ƙwaryar fura a cinya. Na durƙusa na yi mata sallama. Ta ce in gaida yara, in bi hanya da rana. Har na kai zaure ta kira ni.

"Sahabi."

"Na'am, Inna."

"In hanya ta yi kyau, ka koma gindin kalgon nan. Ka ƙara mishi ƙaya."

Na ce to. Ta ɗauki ludayi ta ci gaba da shan furarta.